Ranar da ƙwallo ta yi biyayya: tambayoyi da amsoshi kan ɗan golf da ya buga fiye da yadda ya saba

A filin golf na Rayfield da ke Jos ta Kudu, wanda aka kafa a 1913 zamanin Turawan haƙar kuza, da kuma na Lamingo, yawancin masu fitowa ranar Asabar ba da wasan suke cin abinci ba. Ma'aikata ne da 'yan kasuwa da waɗanda suka yi ritaya. Lokaci-lokaci sai ɗayansu, wanda aka san shi da bugu casa'in da 'yan kai, ya dawo da katin ƙirga bugu mai 80. Daga nan sai musu ya kaure: wasu su ce hannunsa ne ya faɗa, wasu su ce sa'a ce, wasu kuma su yi ta ƙus-ƙus cewa dama yana ɓoye ƙarfinsa. Ga tambayoyin da aka fi yi a irin wannan rana.

Wane sakamako ne ya isa a ce ya fita daban?

A golf mai ƙarancin bugu shi ne gwani. Fili cikakke yana da ramuka 18, kowane rami da ƙa'idarsa ta bugu 3 ko 4 ko 5, jimillarsu a yawancin filaye 70 zuwa 72. Mai wasan sha'awa yana da lambar da ake kira handikaf, wadda ke nuna bugu nawa yake ɗarawa a kan ƙa'ida idan wasa ya yi masa kyau. Mai handikaf 18 a fili mai ƙa'ida 72, idan ya gama da 90 ko 91, ya cika lambarsa.

Abin da mutane ke mantawa shi ne, cika lambar ma ba abin kullum ba ne. A tsarin handikaf na duniya da manyan hukumomin golf, R&A da USGA, suka fara aiki da shi a 2020, ana duba wasanni 20 na baya-bayan nan, a tsame 8 mafi kyau, a fitar da matsakaicinsu. Ke nan lambar ba ta auna ranakun yau da kullum, ranakun da abin ya yi daɗi take aunawa, kuma mutum kan cika ta ne kamar sau ɗaya cikin wasanni huɗu ko biyar. Wanda ya yi ƙasa da ita da bugu biyu ko uku ya yi wasa mai kyau. Wanda ya yi ƙasa da ita da 7 ko fiye, shi ne tsarin da kansa ya ware ya ce sakamakonsa ya fita daban.

To mene ne ke canzawa a ranar? Hannu ne ko sa'a?

Duka biyun, amma ba ta inda ake zato ba. Tambayi wanda ya buga 80, zai ba ka labarin bugun da ya sauka dab da tuta a rami na bakwai. Karɓi katinsa ka duba da kyau, za ka ga ba wannan ne ya kawo shi ba. Abin da ya kawo shi shi ne ramukan da suka saba cinye shi ba su cinye shi ba. Babu 8, babu 9.

A yi lissafi. Wanda ya buga daga wurin farawa ƙwallonsa ta fita iyaka, ko ta shige ciyawa aka neme ta minti 3 ba a gani ba, doka ta ce ya koma inda ya buga, a ƙara masa bugu ɗaya na hukunci. Bugun da zai sake yi shi ne na uku. Kuskure ɗaya ya ci masa biyu ke nan. Mai handikaf 18 da ya saba yin haka sau biyu a wasa, ranar da bai yi ba ya tsira da bugu huɗu. Idan ya saba gangara ƙwallo sau uku kafin ta faɗa rami a girin (shimfiɗar gajeriyar ciyawa da ke kewaye da rami) uku ko huɗu, ranar kuma sau biyu-biyu ya yi, ga wasu uku. Ramin yashin da ya saba kwana a ciki, ya fita da bugu ɗaya. Kafin ka ankara an tara tara ko goma, alhali bai yi wani bugu guda da ya fi ƙarfinsa ba.

Sa'a kuwa tana nan, kuma ba abin kunya ba ce. Ƙwallon da ta bugi dutse ta dawo tsakiyar fili maimakon ta faɗa kwazazzabo, da wadda ta zaga bakin rami ta faɗa maimakon ta fice, ba dabarar kowa ba ce. Faɗin ramin milimita 108 ne kacal. Ƙwararrun da ke buga gasar PGA a Amurka ma, daga tazarar ƙafa 8, kusan rabi kawai suke zurawa. Idan mai sha'awa ya zura biyar cikin shida daga wannan tazara, to ranar sa'a ta fi manyan kaya. Ni dai a ganina wannan bai rage masa komai ba, domin sa'ar ba ta amfanar wanda ƙwallonsa ke cikin daji. Sai da ya kai ta kusa da ramin tukuna.

Yanayin Jos yana da hannu a ciki?

Yana da shi sosai. Jos tana kan tudu mai tsawon kimanin mita 1,200 daga matakin teku, iskarta ba ta da nauyi kamar ta Legas, don haka ƙwallo kan ƙara nisa da kusan kashi 5 cikin 100. Bugun yadi 200 a bakin teku sai ya kusa 210 a nan. Baƙon da ya zo daga Legas ko Fatakwal yakan ji kamar an ƙara masa ƙarfi. Wanda ya saba da filin IBB na Abuja ma yakan ga ɗan bambanci, tunda Abuja tana ƙasa da Jos nesa ba kusa ba.

Sai kuma rani. Daga Nuwamba zuwa Maris ƙasa ta bushe ta yi tauri, ciyawar gefe ta kwanta, ƙwallo na sauka tana ta gudu. Ramin da a watan Agusta sai an yi bugu uku kafin a hau girin, a Janairu biyu sun isa. Amma taurin nan takobi ne mai kaifi biyu, domin ƙwallon da ta karkace ita ma gudun take yi, sai ta ƙare a inda ba a so. Ga iskar hunturu da sanyin safiya da ke sanƙarar da yatsu. A filayen Arewa da dama, inda ruwan ban-ciyawa ke wuya, an daɗe ana yin wurin rami da yashi cakuɗe da mai, ana share hanyar ƙwallo kafin a gangara ta. Wanda ya iya wannan ba lallai ya iya girin ɗin ciyawa mai santsi da gangare ba, shi ya sa 80 a wani fili ba 80 ba ce a wani.

Tsarin handikaf ya san da wannan. Kowane fili da aka auna yana da lambar ƙimarsa, wato bugun da gwani mai handikaf sifiri zai gama da shi, da lambar wahalarsa, wadda ke tsakanin 55 da 155, tsaka-tsakinta 113. Akwai kuma gyaran da ake yi a kowace rana bisa katunan duk waɗanda suka buga: idan kowa ya ji daɗin filin a rage ɗaya, idan kowa ya sha wuya a ƙara har zuwa uku.

Me ya sa da yawa ke rushewa a ramukan ƙarshe?

Saboda lissafi. Mutum yana tafiya lafiya har rami na 14, sai ya tsaya ya tara katinsa, ko abokin wasa ya ce, "Alhaji, ka san fa idan ka riƙe haka za ka karya 80?" Daga nan hankali ya bar ƙwallon da ke gabansa ya koma kan lambar da ba ta zo ba. Hannu ya ƙanƙame sanda, kafaɗa ta ɗaure, lilon da ke tafiya a sake ya zama na sauri. Wasu kuma sai su sauya dabara gaba ɗaya: wanda ya wuni yana buga direba, sandar bugun nesa, lafiya ya ajiye ta don tsoro, ya ɗauko sandar da bai taɓa ba tun safe.

Shawarar da na fi yarda da ita mai sauƙi ce. A rubuta lambar kowane rami, kada a tara sai an gama. A ci gaba da abin da ya kawo mutum nan. Abokan wasa kuma su kama bakinsu, wannan ma ladabi ne na fili. Gajiya ita ma tana taka rawa, domin zagaye 18 tafiya ce ta kilomita shida zuwa takwas cikin awa huɗu ko fiye, kuma da hunturu mutum kan bushe ba tare da ya ji ƙishi ba.

Idan a wasan an yi ta "ɗauka, mun ba ka", sakamakon yana nan daram?

A'a. A wasan ƙirga bugu dole ƙwallo ta shiga rami, ko da tazarar taƙi ɗaya ce. Yafe gajeren bugu halal ne a karawar mutum da mutum, inda ake cin rami-rami, amma ba a gasar da ake tara jimilla ba. Haka nan maimaita bugun farko kyauta don na farkon ya lalace, ko tura ƙwallo da ƙafa daga gindin bishiya. Wanda ya yi waɗannan ya ji daɗin safiyarsa, babu laifi, amma kada ya shiga kulob yana cewa ya buga 79. Wanda ya zaga shi kaɗai ma ba a karɓar katinsa don handikaf, sai da wanda ya shaida.

Golf wasa ne da alƙali ba ya bin kowa a baya, amana ce ke riƙe da shi. Shi ya sa dokar kati take da tsauri. Abokin wasa ne ke rubuta lambobinka, shi ya sa hannu, kai ma ka sa. Idan ka miƙa kati da lambar da ta gaza abin da ka buga a wani rami, an fitar da kai daga gasar. Idan ta fi, haka za ta zauna. A gasar Masters ta 1968, Roberto De Vicenzo ɗan Ajantina ya yi bugu 3 a rami na 17, abokin wasansa Tommy Aaron ya rubuta 4, shi kuma ya sa hannu bai duba ba. Bugun nan guda ya hana shi karawar raba gardama da Bob Goalby, wanda ya ɗauki kofin. Ranar da wasa ya fi daɗi ita ce ranar da zumuɗi ke sa a sa hannu da gaggawa.

Yaya handikaf ɗin mutum zai kasance bayan haka?

Zai sauka, kuma ta hanya biyu. A ɗauki misalin mai handikaf 18.0 da ya buga 80 a filin da ƙimarsa 71.0, wahalarsa 125. A cire 71 daga 80, saura 9. A ninka da 113, a raba da 125, a samu 8.1. Wannan lamba za ta shiga cikin takwas ɗinsa mafi kyau ta ture mafi rauninsu, abin da zai rage masa kamar ɗaya da rabi. Sannan tunda 8.1 ta yi ƙasa da 18.0 da 9.9, akwai ƙarin ragi: daga 7.0 zuwa 9.9 ana cire 1.0, daga 10.0 zuwa sama ana cire 2.0. Mutuminmu zai wayi gari a wajen 15.5. Da 79 ya buga, da ragin ya zama biyu.

Akwai masu jin zafin wannan har su ƙi miƙa katin, don kada su rasa bugun da ake ba su a gasa ta gaba. Wannan cin amanar sauran 'yan kulob ne, ba shi da wani suna.

To masu cewa dama yana ɓoye ƙarfinsa fa?

Kati ɗaya ba hujja ba ne. Duk wanda ya daɗe yana wasa wata rana zai same ta, musamman masu babbar lamba, domin sakamakonsu ya fi yawo sama da ƙasa, da kuma sababbin shiga da ke ci gaba da sauri. Abin da ke sa a ɗaga gira shi ne mutumin da kullum katunansa na ranakun banza munana ne, amma duk ranar da aka sa kofi ko kyauta sai ya zo da maki 44 a tsarin Stableford, inda maki ake tarawa mai yawa ya yi nasara, 36 kuma ke nufin cika lamba. Wannan aikin kwamitin handikaf ne, yana da ikon duba tarihin mutum ya gyara masa lamba. Yanke hukunci a teburin shayi ba ya gyara komai, sai ɓata wa mai gaskiya ranarsa.

Mako mai zuwa zai maimaita?

Da wuya, kuma kada ransa ya ɓaci. A gasar Travelers ta 2016, Jim Furyk ya buga 72 ranar Asabar, ya wayi gari Lahadi ya buga 58, mafi ƙanƙanta a tarihin gasannin PGA. Mutum ɗaya, fili ɗaya, tazarar bugu 14 cikin kwana guda, kuma duk da haka ba shi ya ci gasar ba. Idan ƙwararre yana yawo haka, ina ga wanda ke taɓa sanda sau ɗaya a mako? Abubuwan da suka taru a ranar, wato lafiyar jiki, kwanciyar hankali, yanayin fili da faɗuwar ƙwallo, ba sa taruwa bisa oda.

Haɗarin shi ne mutum ya ɗauki 80 a matsayin sabon matsayinsa. Sai ya fito yana neman tuta a kowane rami, yana ƙoƙarin tsallake ruwan da ya kauce wa a makon jiya, ya ƙare da 97 yana zargin sanduna. Wasu har sabon saiti suke saye.

Me ya kamata ya yi da wannan rana?

Ya zauna da katin tun abin yana sabo a kansa, ya rubuta abu huɗu: sau nawa bugun farko ya sauka a fili mai kyau, sau nawa aka yi masa hukunci, sau nawa ya gangara ƙwallo a girin gaba ɗaya, da ramuka nawa ya ɗara ƙa'ida da biyu ko fiye. Ya kwatanta da katunansa na baya. Inda tazarar ta fi girma, nan ne atisayensa ya kamata ya koma.

Sannan ya tuna da kadinsa. Yaran nan da ke ɗaukar jaka sun san kowane gangare na filin fiye da masu biyan kuɗin kulob, kuma da yawa daga ƙwararrun 'yan golf na Najeriya daga ɗaukar jaka suka fara. Sau da yawa bugun da ya ceci wasan ya fito ne daga "Oga, bar wannan sandar, ɗauki lamba bakwai ka ajiye ta kafin ruwa." Ya tambaye shi abin da ya gani ya bambanta a lilonsa ranar, domin shi ne ya tsaya a bayansa tun rami na farko. Ya kuma ƙara masa a kan abin da ya saba ba shi, ya nemi a haɗa su a Asabar mai zuwa.