Mafin ɗin maijego: ga amsoshin, don Allah a adana su

Tun da na haihu a nan Agege, mahaifiyata kuma ta koma Funtuwa bayan suna da mako biyu, da na yi arba'in sai na mayar da gashin mafin aikin kowace Asabar. Dalili ɗaya ne: ƙarfe 3 na dare yunwa tana cina, yarinya tana kan nono, hannu ɗaya kawai gare ni. Yanzu duk gidan sunan da na je, daga Idi-Araba har Obalende, tambayoyin nan ne dai ake maimaita mini. Zan amsa su sau ɗaya.

Anti, mene ne mafin?

Ƙaramin kek ne da ba a cika masa suga da bota ba, ba a kuma yi masa ado a ka.

Me ake zubawa?

Na guda 12: ayaba 3 da ta nuna har bawonta ya yi baƙi-baƙi, ƙwai 2, kindirmo rabin kofi, man gyaɗa sulusin kofi, dabino 8 a jiƙa a ruwan zafi a dame, garin alkama kofi 1, fulawa kofi 1, bakin hoda ƙaramin cokali 2, ɗan gishiri, ɗan kirfa. A haɗa masu ruwa a kwano ɗaya, busassu a wani, sannan a juye. Obin a kan digiri 180 na Celsius, minti 20 ko ɗoriya kaɗan. Ayabar da masu talla suke neman rabuwa da ita da yamma, ita nake saye, ta fi araha kuma ta fi zaƙi.

Nawa ya fito da tauri kamar dutse. Me ya faru?

Kin tuƙa shi kamar tuwo. Na faɗa har bakina ya gaji: da zarar gari ya ɓace a cikin kwaɓin, ki ajiye cokali. Gudajin da kike gani ba laifi ba ne.

Zan iya sa kanwa maimakon bakin hoda?

A'a. Zai yi ɗaci, ya yi duhu. Tun da an ambaci kanwa ma, ki yi hankali da kunun kanwar da ake ɗura wa maijego safe da yamma. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka alaƙanta yawan shan kanwa da tsananin zafin wankan jego da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Ban ce ki yi wa surukarki rashin kunya ba, ki karɓa da hannu biyu, amma ki rage. Ƙafa ta kumbura, numfashi yana yi miki wuya in kin kwanta, ki tafi asibiti a ranar.

Yana kawo ruwan nono?

Abin da ke kawo ruwan nono shi ne yawan sa jariri a nono dare da rana, uwa kuma ta ci ta ƙoshi, ta sha ruwa. Mafin abinci ne, yana cikin "ta ci ta ƙoshi". Iyakarsa ke nan, kada wata ta sayar miki da shi a matsayin magani.

Ba ni da obin, wuta kuma ba ta zama. Zan iya gasawa a tukunya?

Za ki iya, ni ma da haka na fara, amma kada ki ce na ba ki minti kaza, domin tukunyarki daban, wutarki daban. Ki nemi tukunya babba mai kaurin gindi, wadda kin haƙura da ita, don ba za ta koma ta miya ba. Ki zuba yashi mai tsabta kaurin yatsa biyu. Yashin Legas yakan zo da danshi, musamman da damina, to sai kin soya shi ya bushe ƙarau tukuna, in ba haka ba turara mafin ɗin zai yi kamar alala. Wasu gishiri suke zubawa maimakon yashi, shi ma yana yi, ana kuma maimaita shi sau da yawa. A kan yashin ki kifa wani tsohon faranti na ƙarfe ko ki ɗora ragar ƙarfe, don kada gwangwanayen kwaɓin su zauna kai tsaye a kan zafi. Ki rufe, ki bar tukunyar ta ɗauki zafi kamar minti 10 kafin ki sa komai.

In ba ki da gidan kek, gwangwanin madara ya isa: ki yanke bakinsa da kyau, ki danne kaifin, ki wanke, ki shafa mai. Ki zuba kwaɓi ya ɗan haura rabi, kada ya cika.

Wurin wuta ne ake samun matsala. A kan gas, ki rage ta can ƙasa. A wurina yakan ɗauki minti 30 zuwa 35, maƙwabciyata mai siririyar tukunya kuma kafin minti 25 gindin nata ya fara kamawa. A kan gawayi zafi ba ya tsayawa wuri ɗaya, sai kin rage garwashin ƙasa kin ɗora kaɗan a kan marfi, shi ne saman zai yi ja. Ko da hakan, mai yiwuwa saman ya fito fari-fari, wannan ba ya nufin bai nuna ba. Kada ki buɗe kafin minti 15, zai faɗa. Bayan nan ki soka tsinken sakace a tsakiya: ya fito a bushe, ki sauke, ya fito da danƙo, ki ƙara minti 5. In kin buɗe marfin ki karkata shi gefe, domin gumin da ya taru a ciki yakan ɗiga a kan mafin ya bar masa rami. Zagayen farko ki gasa guda 3 kawai ki gane halin tukunyarki. Mai yiwuwa ya ƙone, mai yiwuwa sai a na uku ki dace, kuma ba gazawarki ba ce.

Abu biyu ne ba na sassauci a kansu. Kada ki sunkuya kan tukunyar nan da goyo a baya, yashi mai zafi ya fi ruwan zafi mugunta. Kuma kada ki shigar da gawayi ɗaki ki rufe ƙofa don ana ruwan sama, iskarsa tana kisa ba tare da an ji wari ba. Na san a gidan haya wurin girki na kowa da kowa ne, to ki jira ruwa ya tsagaita.

Zan iya ɗanɗana wa jariri?

Bai kai wata 6 ba? Nono zalla, ko ruwa babu. Ya wuce wata 6, ki marmasa masa kaɗan, wanda babu gutsuren gyaɗa ko na dabino a ciki. Zuma kuma haram gare shi sai ya cika shekara 1, ko a cikin gashi ne, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da hanjin jariri ba zai iya da ita ba, zafin obin kuma ba ya kashe ta.

Zai rage mini tumbi?

Haba ƙanwata. Kwana 20 da haihuwa kina maganar tumbi? Ki ci abinci.

Garin gero ko na dawa fa?

Kashi ɗaya cikin uku na garin, kada ya wuce. Ba su da danƙon alkama, in sun yi yawa wargajewa zai yi a hannunki.

Anti, ni ko wanka da ƙyar nake samu, ina ni ina gashi?

To ki bar shi. Wallahi ki bar shi. Ki sayi burodin Agege, ki dafa ƙwai, ki kwanta lokacin da yaron ya kwanta. Ni ma sai da na yi arba'in na taɓa fulawa. In maigida yana gida ranar Lahadi, miƙa masa yaron awa ɗaya, ɗansa ne. In kuma kin ga kwana da kwanaki kina kuka, abinci ya fita ranki, barci ba ya zuwa ko yaro ya yi shiru, har ya haura mako 2, ki gaya wa nas ranar da kika kai shi rigakafi. Ciwo ne sananne, yana da magani, ba raunin imani ba ne.

Kwana nawa yake yi bai lalace ba?

Nan ba Kano ba ce. Da danshin Legas, mafin mai ayaba kwana 2 yake yi a waje, ranar ta uku fumfuna ta fito. Ki bari ya huce sarai kafin ki rufe shi a roba, in kin rufe da ɗumi gumi zai yi. A firji yana kai kwana 5 in wuta ta zauna. In kin san unguwarku ba ta samun wuta, ki raba ma'aunin biyu ki gasa guda 6: ayaba ɗaya da rabi, ƙwai 1, sauran duk rabi-rabi.