Tambayoyi da amsoshi kan yadda manyan cibiyoyi ke zuba jari a kasuwar kirifto

Daga rumfunan 'yan canji na Wapa zuwa shagunan waya na Farm Centre, zancen kirifto, wato kuɗin intanet irin su Bitcoin, ya zama ruwan dare a Kano, sai dai yawanci hirar ba ta wuce wanda ya ci da wanda ya ƙone. Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne yadda manyan cibiyoyi masu juya dukiyar jama'a ke shiga wannan kasuwa.

Me ya bambanta babbar cibiya da mai saye a wayarsa?

Asusun fansho ko kamfanin inshora amana yake juyawa, saboda haka kafin ya sayi komai sai an rubuta ƙa'ida: kashi nawa na dukiyar za a saka, asarar nawa za a iya jurewa, wane ne ke da ikon ba da umarnin saye, kuma a wane farashi za a rage kaya. Ana rubuta wannan ne tun hankali na kwance, domin ranar da kasuwa ta rikice babu mai iya yanke hukunci mai kyau. Bitcoin ya kai kusan dala 69,000 a Nuwamban 2021, bayan shekara ɗaya ya koma wajen dala 16,000. Wanda bai tsara fitarsa tun farko ba, a irin wannan lokaci tsoro ne ke sayar masa da kayansa.

Kashi nawa suke sakawa?

Kaɗan ne ƙwarai. Asusun fanshon malaman makaranta na Ontario a Kanada ya saka dala miliyan 95 a kamfanin FTX, wani dandalin saye da sayar da kirifto, kuma da kamfanin ya rushe a Nuwamban 2022 sai asusun ya lissafa kuɗin duka a matsayin asara. Kuskure ne babba a wajen bincike, kuma an soki shugabanninsa a kai, amma kuɗin bai kai kashi 0.05 cikin ɗari na dukiyar asusun ba, don haka babu malamin da ya rasa fanshonsa. A ganina wannan shi ne darasin da ya fi shafar mutanenmu, domin a nan sau da yawa za ka ji matashi ya sayar da babur ɗin da yake neman abinci da shi, ko ya kwashe uwar kuɗin shagonsa a Kantin Kwari, ya zuba a tsaba ɗaya, wato nau'in kirifto guda, da wani ya tallata masa a WhatsApp.

A ina ake ajiye dukiyar?

Duk wanda ya san Dawanau ya san cewa sayen hatsi daban, sito daban. Mai hankali ba ya barin buhunansa a hannun dillali ba tare da ya san inda aka jibge su da wanda ke riƙe da makulli ba. Haka abin yake a kirifto. Abin da ya kashe FTX shi ne karkatar da kuɗin masu ajiya zuwa wani kamfani na mai shi, wato Alameda Research, laifin da ya sa kotu a Amurka ta ɗaure mai kamfanin, Sam Bankman-Fried, shekara 25 a Maris na 2024. Saboda haka cibiyoyi ke raba wurin ciniki da wurin ajiya, su bar mafi yawan dukiyar a na'urar da ba ta haɗe da intanet, su kuma tsara cewa sai mutum biyu ko uku sun sa hannu kafin a fitar da ko kwabo. Wasu ma ba sa riƙe tsabar da kansu, sai su sayi hannun jarin asusun Bitcoin irin na manyan kamfanonin zuba jari BlackRock da Fidelity, waɗanda hukumar hannun jari ta Amurka ta amince da su a Janairun 2024.

Ciniki da kuɗin aro fa?

Lissafin a bayyane yake. Idan mutum ya ajiye naira 100,000 dandalin ciniki ya ninka masa sau goma da kuɗin aro, farashi na sauka da kashi goma cikin ɗari jarinsa ya ƙare, alhali irin wannan saukar takan faru a wuni guda. Bashi ne ya durƙusar da kamfanin zuba jari a kirifto na Three Arrows Capital a 2022, duk da ƙwararrun da ke cikinsa.

Tsabar da aka ɗaure da dala ba ta tsira daga wannan ba?

Ya danganta da abin da ke bayanta. TerraUSD ta yi alƙawarin zama daidai da dala ɗaya, amma a Mayun 2022 ta wargaje cikin 'yan kwanaki, domin babu isasshiyar dala ta gaske da aka ajiye a madadinta.

Me dokar Najeriya ta ce?

A Fabrairun 2021 Babban Bankin Najeriya ya hana bankuna hulɗa da masu kirifto, sannan ya janye hanin a Disamban 2023. Dokar zuba jari da hannun jari ta 2025 ta sanya wannan harka ƙarƙashin hukumar kula da hannun jari ta Najeriya, wato SEC, ta kuma haramta tsarin damfara irin na MMM, wanda ya rufe asusun mutane a Disamban 2016. Rajista da hukumar ba ta hana farashi faɗuwa, amma tana ba mai ƙorafi wurin da zai kai kukansa. Batun halacci kuwa malamai sun saɓa a kansa, kuma cibiyar da ke aiki bisa tsarin Musulunci sai ta fara miƙa shi ga kwamitin malamanta kafin a kai ga maganar kashi nawa za a saka.