Jikina baya son roba, ya za a yi ranar tiyata?

Wai da gaske safar hannun likita tana iya yiwa mutum illa?

Eh mana. Yawanci daga ƙaron bishiyar roba ake yinta, wato latas, kuma akwai masu borin jini dashi. Wani ƙaiƙayi ne kawai, wani kuma numfashi zai sarƙe, ƙarfin gudun jini a jijiya ya faɗi ƙasa warwas. Matsalar ɗakin tiyata itace kana cikin allurar barci, ba bakin cewa jikina na ƙaiƙayi, gashi an lulluɓe ka da ƙyalle ko fata ta yi ruɗu-ruɗu ba mai gani, sai dai likitan barci ya lura a na'ura. Kuma ba kamar borin da allura ke tayarwa bane da yake zuwa nan take, wannan yakan ɗau minti 30 zuwa awa guda bayan an fara aiki.

Su waye suka fi shiga haɗari?

Yaran da aka haifa da buɗaɗɗen ƙashin baya, waɗanda aka sha yiwa tiyata, sai ma'aikatan asibiti da kansu. In leɓenka na kumbura idan ka hura balan-balan, ko kororon roba yana saka ƙaiƙayi, ko ayaba, fiya da gwanda suna tayar maka da bori, toh dan Allah ka faɗa tun kafin ranar. Na kororon nan ne mutane ke jin kunyar ambata, gaskiya kunyar bata da amfani anan.

Idan na faɗa me zasu canza?

Kai za a fara yiwa da safe, tun hodar safar hannun wasu bata cika iskar ɗakin ba, ita hodar ce ke ɗauke da sinadarin latas ɗin, shi yasa Amurka ta haramta safar hannu mai hoda daga farkon 2017. Sai a koma kayan da babu latas a cikinsu, kamar safar naitiril da robar fitsari ta silikon, a duba filasta da robar da ake ɗaure hannu da ita wajen neman jijiya, a rubuta a fayil ɗinka yadda nas ɗin ɗakin kwanciya ma zata gani.

Ba sai a bani maganin ƙaiƙayi kafin a fara ba?

A'a, baya hana babban borin. Raba ka da robar shine maganin.

In abin ya faru ana tsakar aiki fa?

Allurar adrenalin take yanke, ƙarin ruwa da gudu, iskar oksijin, a cire duk wata roba dake jikinka. Daga baya a ɗebi jini ayi gwajin da zai nuna ko borin ne.