Mai sikila, allurar penta da ciwon damuwa: tambayoyin da ake yawan yi

Wai me ya haɗa ciwon damuwa da shan ƙwaya a wajen mara lafiya?

Ciwo ne yake haɗa su. Ɗauki mai sikila, tun yana ƙarami yake fama da ciwon ƙashi, a asibiti aka fara yi masa allurar pentazocine, wadda muke ce wa penta, ya ji sauƙi, daga baya sai ya lura ashe ba ƙashin kaɗai take kwantarwa ba har da ƙuncin zuciya, yau makaranta ta wuce shi, gobe an hana shi aure saboda jininsa, sai ya koma kemis yana saya da kansa ko ciwon bai tashi ba. Haka abin yake da tramol ga mai ciwon baya, ko kodin, wanda gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tarinsa a 2018.

To wanne ne yake fara zuwa?

Kowanne yana iya riga. Wani damuwar ce ta tura shi ga ƙwaya, wani ƙwayar ce ta jawo masa damuwar. Likita kan duba abu ɗaya: idan mutum ya bar sha kamar wata guda kuma ƙuncin na nan daram, to ciwon damuwa ne mai zaman kansa.

Ta yaya za a gane damuwa ce ba raɗaɗin ciwon kawai ba?

Nan ne wahalar, don rashin barci da kasala da rashin cin abinci duk mara lafiya yana da su. Abin lura shi ne ya yi sati biyu ko fiye komai ya fita daga ransa, har abin da yake so a da, yana cewa shi kaya ne a wuyan iyayensa, gara ya mutu kowa ya huta. Wannan maganar ta ƙarshe kar a ɗauke ta wasa ko a ce masa "yi istigfari" a wuce, a kai shi asibiti a ranar. Akwai wata takarda mai tambayoyi tara, PHQ-9, da ake cikewa cikin ƴan mintuna, kuna iya roƙon likita ya yi masa.

Ba sai a ƙwace ƙwayar kawai ba?

A'a fa. Wanda jikinsa ya saba da diazepam ko giya, yanke masa lokaci guda yana iya jawo jijjiga, har a rasa rai. Na penta da tramol kuwa zufa da gudawa da ciwon jiki za su sa ya koma da gudu. A hankali ake ragewa, likita na duba. Kuma ni abin da ya fi ɓata min rai shi ne yadda ake kallon duk mai sikila da ya nemi allura a matsayin ɗan ƙwaya, alhali yawancinsu ciwon gaske ne ya kawo su, in aka hana su a asibiti ai kemis ɗin za su nufa.

Akwai magani?

Akwai, amma tare ake yin maganin damuwar da na shan ƙwayar. Magungunan damuwa irin su fluoxetine da amitriptyline sai sun yi sati biyu zuwa shida kafin a ga aikinsu, kar a ce ba sa yi a watsar. Sannan a faɗa wa likita gaskiyar abin da ake sha, don haɗa tramol da waɗannan yana iya kawo farfaɗiya da zazzaɓi mai haɗari. Ana samun likitocin ƙwaƙwalwa a Dawanau a Kano, Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato da kuma Maiduguri, kuma a je da katin asibitin sikilar don likitocin biyu su san abin da kowa ya rubuta.