Waiwaye: Tun Yaushe Jiragen Turai Suka Fara Tsallake Kano?

Duk lokacin da wani kamfanin jirgi ya rage zuwa Filin Jirgin Malam Aminu Kano, ko ɗan kasuwa ya kwana a Abuja yana jiran jirgin Turai, sai muhawara ta tashi a rediyo da Facebook. Wasu su ce da gangan ake kashe filin, wasu su ce rashin tsaro ne. Kusan kowa kuma da 2012 yake kafa hujja, shekarar da KLM, kamfanin jirgin ƙasar Holan, ya daina zuwa bayan fiye da shekara 60 yana sauka a Kano. Gaskiya ne ruwa ba ya tsami banza, amma tsamin wannan ya fara tun kafin a haifi yawancin masu gardamar.

Farkon labarin sananne ne. Jiragen sojan Ingila guda uku suka taso daga Masar, suka biyo ta Khartum da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, suka sauka a Kano ran 1 ga Nuwamba 1925. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Khartum da Kano. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, dubban jiragen yaƙin da ake harhaɗawa a Takoradi ta ƙasar Gana ta nan suka riƙa bi zuwa Alƙahira. Wannan duk ana faɗa, ana alfahari da shi.

Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, me ya kawo su? Yawan fasinjan Kano bai isa ya jawo su ba. Mai ne ya kawo su. Jirgi mai farfela na bayan yaƙi ba ya iya tashi daga Landan ko Amstadam ya dire Legas, balle Johannasbag, ba tare da ya sha mai a hanya ba. Tsakanin Tarabulus da Kano akwai sama da kilomita 2,000, kusan duk hamada. Wanda ya ƙetaro daga arewa, Kano ce babban gari na farko da zai tarar da doguwar hanyar sauka, da mai, da ma'aikatan yanayi, da masauki. Wanda zai ƙetara daga kudu, a nan zai cika tanki. BOAC na Ingila, Sabena na Beljiyam mai zuwa Kwango, KLM mai zuwa Afirka ta Kudu, duk a nan suke yada zango, kamar yadda ayarin raƙuma ya saba yi ɗaruruwan shekaru kafinsu. Jirgin BOAC da ya faɗi jim kaɗan bayan tashinsa daga Kano a Yunin 1956, daga Legas ya fito, Tarabulus ya nufa, daga can sai Landan.

A tsofaffin hotunan lokacin ana ganin mai kakaki bisa raƙumi yana busa wa jirgi, Turawa suna saukowa su miƙe ƙafa, su sayi jakar fata da 'yan kayan tsaraba, su koma ciki. Yawancinsu ko ganuwar birni ba su gani ba. Masu wucewa ne. Ɗan Kano da ke son zuwa Turai a lokacin yana cin albarkacin jirgin da dama tilas ya sauka, da shi ko ba shi.

A 1957 aka buɗe sabon ginin fasinja, wanda aka yi shi daidai da wannan cunkoso. A Oktoban 1958 jirgin Boeing 707 ya fara ɗaukar fasinja tsakanin Amurka da Turai. Ba farfela gare shi ba, gudunsa ya kusa ninka na da, kuma yana iya tashi daga Turai ya sauka Legas ko Kinshasa kai tsaye. Cikin shekarun 1960 kamfanonin suka sauya jiragensu ɗaya bayan ɗaya. Sauka ta shan mai kuwa asara ce ga mai jirgi: kuɗin filin, man da ake ƙonawa wajen sake tashi, sa'a guda ko fiye a ƙasa. Da zarar tilas ta kau, sai lissafi ya koma wani daban. Kujera nawa Kano za ta cika da kanta? Kaya tan nawa za ta loda? A ganina nan ne mahaɗar da labarin ya karkata, kuma ba wanda ya zauna a ofis ya yanke wannan hukunci. Injin jirgi ne ya canza.

Dalilin da ya sa ba a ji zafin abin nan take ba, aikin Hajji ne da kasuwa. Kuɗin fetur na shekarun 1970 ya sa alhazan Najeriya suka haura 100,000 a 1977, kuma kaso mai tsoka ta Kano yake tashi. Ga masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa, ga Kwarori masu zirga-zirgar Beirut, ga fataken Damagaram da Maraɗi. Ko hatsarin 22 ga Janairu 1973, da mutum 176 suka rasu suna dawowa daga Jidda, ya nuna matsayin filin: Legas jirgin ya nufa, yanayi ya hana, aka juyo shi Kano. A 1980 kamfanin jirgin Kabo Air ya kafu a nan. Filin yana cike, don haka ba wanda ya lura cewa ginshiƙinsa na asali ya riga ya zame.

Sauran sun biyo baya a hankali. Sakkwato, Maiduguri, Kaduna, daga baya Katsina da wasu jihohi, kowa ya samu filin da alhazansa za su tashi. A Disamban 1991 gwamnati ta koma Abuja, jakadu da 'yan kwangila suka bi ta, kuma su ne masu sayen kujerun gaba masu tsada da ke riƙe hanyar Turai. Masaƙu suka rufe. Nigeria Airways ya durƙushe a 2003. Lokacin da KLM ya tafi, a kan ragowar hanyar yake.

Yau akwai sabon ginin fasinjan waje, kuma jirage na zuwa: na Saudiyya, na Masar, na Habasha, da Qatar Airways tun 2022. A lura, duk gabas suka fuskanta, can inda mai Umara da ɗan Kantin Kwari mai saro kaya a Dubai da Guwanzu suke zuwa. Waɗannan fasinjan Kano ne na hakika, shi ya sa hanyoyin suke ɗorewa. Ta ɓangaren Turai kuwa, abin da zai iya cika cikin jirgi shi ne kaya, ga shi riɗi da zoɓo da ƙirgin da ake tarawa a Dawanau da majemun Kano yawancinsu a tirela suke tafiya Legas, su hau jirgin ruwa.