Fansa: kalmar da ta taso daga zamanin bauta

Yau in aka ce "kuɗin fansa", hankali sai ya tafi ga masu garkuwa da mutane da kiran waya daga cikin daji. Amma kalmar ta girmi wayar, ta girmi Najeriya ma.

Asalin fansa shi ne ka ba da wani abu ka karɓo abin da bai kamata a yi cinikinsa ba. Shi ya sa dattawa ba sa cewa sun sayi Alƙur'ani, sai su ce sun fanso shi. Haka ɗan'adam: in yaƙi ya ci shi ya faɗa hannun wasu, danginsa sai su tara dukiya su fanso shi. "Ɗaukar fansa" kuwa, wato ramuwa, wani reshe ne daban.

A ƙasar Hausa ta da, fansa iri biyu ce. Akwai wadda dangi ke yi, akwai kuma fansar kai, wadda ta fi taɓa mini zuciya. Bawa zai nemi ubangijinsa ya yanka masa kuɗin kansa. Sau da yawa hanyar tara su ita ce murgu: a bar bawa ya yi sana'arsa, yana kawo wa ubangiji wani adadi na wuri, kuɗin wancan zamani, a kai a kai, abin da ya saura nasa ne. A duba mutumin da ya wuni a bakin karofi ko yana tallan itace da ciyawa a Kano, ya fitar da rabon maigida, sauran ya zuba a tukunya ya binne. Shekara da shekaru yana sayen kansa da kansa, wuri bayan wuri. Littattafan tarihi sun fi ambaton masu tawaye da masu gudu, amma a wurina wannan ma turjiya ce.

Fansa ba kullum take isowa a kan lokaci ba. Ayuba Sulaiman Jallo, Bafulatani ɗan malami daga Bundu a ƙasar Senegal ta yau, an kama shi kusa da kogin Gambiya a 1731. Abin da ba a so a faɗa shi ne, shi ma cinikin bayi ya kai shi wurin. Ya aika wa mahaifinsa, amma kafin fansa ta iso jirgi ya tashi. Sai gonar taba a Maryland ta Amurka. Daga can ya rubuta wasiƙa da Larabci, ta bi hannu zuwa hannu har Landan, inda wasu Turawa suka haɗa kuɗi suka fanshe shi. Ya koma gida a 1734, bai sake ganin mahaifinsa da rai ba.

A Bahiya ta Brazil, inda Hausawa bayi suka yi yunƙurin tawaye a 1807 suka kuma tayar a 1814, bayi sun riƙa yin wani abu kamar adashe, in kuɗi ya taru a fanshi ɗaya daga cikinsu.

Da Turawa suka ci Arewa ba su kwance bayi gaba ɗaya ba. Dokar Gwamna Lugga ta 1901 ta ce 'ya'yan da aka haifa daga Afrilun shekarar 'yantattu ne, manya kuwa da yawansu sai da suka je gaban alƙali suka fanshi kansu aka ba su takarda. Sai a 1936 aka soke bautar baki ɗaya.