Sabuwar Tayar Mota

Sabuwar taya ita ce wadda ba ta taɓa hawa kwalta ba tun fitowarta daga masana'anta, saɓanin ta gwanjo, wadda a Legas ake kira tokumbo. Kusan duk tayoyin ƙananan motoci na yau samfurin radiyal ne, wato mai zaruruwan ciki da suka gitta daga gefe zuwa gefe, wanda kamfanin Michelin na Faransa ya yi wa rajista a 1946. A da ana ƙera taya a Nijeriya, amma Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina ƙerawa a Ikeja a 2008. Tun daga lokacin kasuwar ta dogara da kayan da ake shigowa da su, shi ya sa farashin taya yake bin dala.

Babban aikin taya shi ne riƙe hanya, kuma abin da ke taɓa ƙasa a kowace ƙafa bai wuce faɗin tafin hannu ba. A busasshiyar kwalta ko tsohuwar taya tana iya rufa wa direba asiri. Ranar ruwa ake gane bambanci. Zanen sabuwar taya yakan kai zurfin milimita 8, kuma ta cikinsa ruwa yake bi ya fice. Idan zanen ya cinye, ruwa yakan shiga tsakanin roba da kwalta, mota ta dinga sulɓi, sitiyari ya yi sakwaf, burki ya ƙi ci. Duk wanda ya taɓa hawa gadar Third Mainland ta Legas cikin ruwan watan Yuni ya san wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. A Turai doka ta hana hawa tayar da zanenta ya gaza milimita 1.6, sai dai tun kafin a kai nan riƙonta a jiƙaƙƙiyar hanya ya ragu sosai. Ita ma sabuwar takan ɗan yi santsi a ɗaruruwan kilomitocin farko, don haka ake so a bi ta a hankali. Masana'antu kuma suna ba da shawarar cewa wanda guda biyu kawai ya iya saya ya sa su a baya, ko da injin motar gaba yake ja, domin idan baya ya zame a kwana da wuya a tare shi.

Rubutun gefen taya yana bayyana halinta. A 205/55 R16 91V, faɗinta milimita 205 ne, tsayin gefenta kashi 55 cikin ɗari na faɗin, rim ɗinta inci 16. 91 na nufin tana ɗaukar kilo 615, V kuma gudun da bai wuce kilomita 240 a awa ba. Mai gajeren gefe ta fi jin sitiyari da tsayuwa a kwana, amma takan miƙa wa fasinja kowane gargada, kuma rami ɗaya yana iya fitar mata da ƙari ko ya lanƙwasa rim. Ga direban da kullum yake tsakanin unguwannin Legas irin su Agege, Mile 12 da Apapa, mai kaurin gefe ta fi dacewa.

Iska ma tana da nata tasirin. Masu faci da dama kan dura ta fiye da kima, alhali adadin da ya dace yana rubuce a jikin ƙofar direba, kuma da sanyin taya ake aunawa. Yawan iska yana cinye tsakiyar zane, ƙarancinta kuma yana cinye gefe-gefe, ya dumama robar, ya ƙara shan mai.

Wajen saye, ƙyallin roba ba shaida ba ne. Lambobi huɗu na ƙarshe a layin rubutun gefen taya da ya fara da haruffan DOT su ne mako da shekarar ƙira: 2523 na nufin mako na 25 na 2023. Roba tana tsufa ko a ajiye take, musamman a rana, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana gargaɗin a sauya taya bayan shekara 4 da ƙera ta. A kasuwanni irin su Ladipo ta Mushin ana cin karo da tayoyin gwanjo masu zane raɗau, masu alamar dutse da ƙanƙara a gefe. An yi su ne don hunturun Turai, inda sanyi ke sauka ƙasa da digiri 7, kuma robarsu mai laushi ba ta jure zafin kwaltar Legas, balle doguwar tafiya zuwa Kano da kaya. Tayar da aka saya a rabin kuɗi ta yi kashi ɗaya cikin uku na tafiyar sabuwa ta fi sabuwar tsada a kowane kilomita.